Tiya, Dala da Fomula: Lissafin Sau a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Mafi yawan lissafin da ke riƙe da harkokin yau da kullum a ƙasar Kurfai lissafin sau ne, wato adadin kaya sau farashinsa, ko yawan magidanta sau rabon da kowannensu zai samu, ko yawan makonni sau abin da ake zubawa a asusu. Daga Filinge, wadda ke cikin kwarin Dallol Bosso kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai, zuwa Sanam, wadda ta koma ƙarƙashin gundumar Abala tun da aka sake rabon gundumomin Nijar a 2011, arzikin jama'a gero ne da wake da dabbobi, kuma kowane ɗayansu sai an auna shi ko an ƙidaya shi, sannan a ninka da kuɗi, kafin ya zama ciniki ko bashi ko zakka. Damina a wannan yanki gajeriya ce, kuma shekarun da amfanin gona ba ya kai gida ga wata kakar ba baƙi ba ne, shi ya sa kuskuren buhu biyu a cikin littafin ma'aji ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka tara hatsin da guminsu.

Masu riƙe irin wannan lissafi sun fi yawa fiye da yadda baƙo zai zata. Akwai kwamitocin bankin cimaka, wato rumbun haɗin gwiwa da ƙauye ke cikawa da hatsi lokacin kaka, sa'ad da farashi ke ƙasa, domin a sayar wa 'yan gari da rangwame idan damina ta faɗi kuma rumbunan gida sun yi ƙasa, tsarin da ya yaɗu a ƙasashen Sahel bayan fari na shekarun 1970 da na 1984. Akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako su ranta wa junansu, a ƙarshen zango kuma su raba uwa da riba. Akwai ma'aikatan magajin gari masu karɓar kuɗin kasuwa, da shugabannin makarantu masu lissafin abincin ɗalibai, da waɗanda ke kula da hatsin da ofishin OPVN, mai riƙe da ajiyar abincin ƙasa, ke sayarwa da rahusa a shekarun ƙunci. Duk waɗannan da littafi da biro suka fara, kuma da yawansu har yau a kansu suke, amma duk inda gwamnati ko ƙungiyar agaji ta sa hannu, rahoton da za a aika Filinge ko Tilaberi ko Yamai yakan ƙare ne a cikin jadawalin kwamfuta.

Jadawalin lissafi manhaja ce da ke shimfiɗa wa mutum shafi mai layuka na kwance da na tsaye, inda kowace mahaɗa ta zama gurbi mai suna, harafi yana nuna layin tsaye, lamba tana nuna na kwance, ta yadda B2 ke nufin gurbi na biyu a layin B. Na farko da ya shahara shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979 domin kwamfutar Apple II, sai Lotus 1-2-3 ya biyo a 1983, sai Excel na kamfanin Microsoft a 1985, wanda shi ne ya mamaye ofisoshi har yau, duk da cewa akwai Google Sheets tun 2006 da kuma LibreOffice Calc na kyauta. Abin da ya bambanta jadawali da takarda shi ne fomula, wato umarnin da ake rubutawa a cikin gurbi, wanda ke farawa da alamar daidai, yana gaya wa manhajar abin da za ta yi da lambobin wasu guraben. Idan adadin buhuna yana B2, farashin buhu kuma yana C2, to rubuta =B2*C2 a cikin D2 ya isa, domin tauraro shi ne alamar sau. Gurbin zai nuna sakamako, amma abin da ya ajiye a cikinsa shi ne umarnin, kuma da zarar an sauya farashi, sakamakon zai sauya da kansa ba tare da an sake taɓa shi ba.

Wahalar takan fara ne daga mataki na biyu. Idan aka ja fomular zuwa ƙasa domin ta cika layi arba'in, manhajar na sauya sunayen guraben da kanta, B2 ya zama B3, C2 ya zama C3, wanda shi ake so; amma idan akwai lamba ɗaya da kowane layi zai ninka da ita, kamar harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari da ake sa wa kaya a Nijar, to dole a ɗaure gurbinta da alamar $, a rubuta =D2*$F$1, in ba haka ba fomular za ta zame zuwa guraben da babu kome a cikinsu, jadawalin ya cika da sifiri. Wanda yake son jimillar duk layukan a bugu ɗaya kuwa sai ya koyi umarnin da ke ninka kowane adadi da farashinsa sannan ya tara, wanda a Excel na Faransanci ake rubuta shi =SOMMEPROD(B2:B41;C2:C41). Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin wanda ya gama firamare, sai dai ba a koya wa yawancin ma'ajin ƙauye su ba, kuma abin da ake yawan gani shi ne mutum ya buɗe jadawali a kwamfuta, ya ɗauko wayarsa ya buga lissafin a kalkuleta, sannan ya kwafe amsar da hannu ya zuba a gurbi. Jadawalin da aka cika ta wannan hanya takarda ce kawai mai haske.

A kan wannan giɓi ne mataimakan ƙirƙirarriyar basira suka sauka. Tun da kamfanin OpenAI ya buɗe ChatGPT ga jama'a ranar 30 ga Nuwamban 2022, sannan Gemini na Google da Claude na Anthropic da Copilot na Microsoft suka bayyana, ya zama mai yiwuwa mutum ya rubuta buƙatarsa da maganar yau da kullum, ya ce yana da adadi a layin B da farashi a layin C yana son jimilla, ya samu amsa nan take. Sai dai a cikin wannan sauƙi akwai hanyoyi biyu da suka yi kama da juna a ido alhali sakamakonsu ya sha bamban. Ta farko ita ce a roƙi mataimakin ya rubuta fomula, mutum ya ɗauka ya sa a gurbi, jadawalin ya yi lissafin. Ta biyu ita ce a zuba masa lambobin gaba ɗaya a ce ya ninka ya kawo amsa, sannan a kwafe amsoshin a liƙa. Matsayin wannan rubutu shi ne ta farko alheri ce babba ga ma'ajin da bai taɓa samun mai koya masa ba, ta biyu kuwa tana mayar da shi baya fiye da inda littafi da biro suka bar shi, ko da a ce amsoshin sun fito daidai.

Fahimtar dalilin haka na buƙatar sanin yadda mataimakin yake aiki. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ake kira babban samfurin harshe, wato na'urar lissafi da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har ta ƙware wajen hasashen gutsuren rubutun da ya fi dacewa ya biyo bayan wanda ya gabata. Ba harafi-harafi take karanta rubutu ba, gutsure-gutsure take yanka shi, kuma lamba mai tsawo kamar 1054500 tana iya rabuwa gida biyu ko uku ba tare da la'akari da matsayin ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa ba, alhali lissafin sau kacokan a kan wannan matsayi ya dogara, tare da riƙe abin da aka ɗauka daga wani layi zuwa na gaba. Saboda haka samfurin kan dace a ƙananan lambobi da ya sha gani a rubuce, ya fara tuntuɓe idan sun yi tsawo, kuma tuntuɓensa na da haɗari na musamman, domin yakan samu farkon amsar da ƙarshenta daidai ya ɓata tsakiya, ta yadda ido ba zai tsargu ba. Wani bincike da Nouha Dziri da abokan aikinta suka wallafa a 2023 ya nuna cewa GPT-4, wanda a lokacin yana cikin mafi ƙarfi, ya dace ne a kashi 59 cikin ɗari kacal na tambayoyin ninka lamba mai gida uku da wata mai gida uku. Gaskiya ne an samu ci gaba sosai tun daga nan, domin sababbin mataimaka kan warware lissafi mataki-mataki, ko su rubuta ɗan umarnin kwamfuta su tura masa aikin, amma mai amfani da waya a Sanam ba kullum zai san wace hanya aka bi a amsar da ke gabansa ba, kuma amsar daidai da ta kuskure da murya ɗaya suke zuwa, cike da tabbaci.

Masu ƙera waɗannan kayan su ma ba su ɓoye wannan ba. Lokacin da Microsoft ta fara gwajin umarnin COPILOT a cikin guraben Excel a watan Agustan 2025, wanda ke ba mutum damar rubuta buƙata da magana a cikin gurbi, kamfanin ya gargaɗi masu amfani da kada su dogara da shi wajen lissafin lambobi ko duk aikin da ke buƙatar amsa tabbatacciya mai maimaituwa, ya ce fomulolin asali su ne na wannan aiki. Maimaituwa a nan na nufin a yi tambaya ɗaya sau goma a samu amsa ɗaya sau goma, siffar da =B2*C2 ke da ita ko a wace kwamfuta, wadda kuma samfurin harshe ba ya lamunce wa kowa.

Amma ko da an ɗauka cewa mataimakin bai taɓa kuskuren sau ba, lambar da aka liƙa a gurbi matacciya ce, ba ta da alaƙa da adadin da ke gefenta. Farashin gero a kasuwannin yankin ba ya zama wuri ɗaya tsakanin kaka da bazara, kuma ranar da kwamiti ya sauya kuɗin tiya, jadawalin da aka gina da fomula zai gyara kansa daga sama har ƙasa ta sauya gurbi ɗaya, shi kuwa wanda aka cika da amsoshi sai an sake komawa ga mataimakin da duk layukan, a sake kwafewa, a sake buɗe ƙofar kuskure. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amana. Bankin cimaka dukiyar gari ce, kuma da yawa daga cikin irinsa a Sahel sun durƙushe ne saboda bashin da ba a biya ba da zargin da ya shiga tsakanin kwamiti da jama'a, ba don rashin hatsi kaɗai ba. Idan aka taru gaban mai gari da liman ana karanta lissafin shekara, wani dattijo ya tambayi yadda aka yi buhu 37 ya zama sefa 1,054,500, ma'aji mai fomula zai iya danna gurbin ya nuna cewa 37 ne sau 28,500, kowa ya gwada da kansa. Ma'ajin da ya liƙa amsa ba shi da abin nunawa sai faɗin cewa na'ura ce ta ba shi, kuma wannan ba hujja ba ce da za ta wanke mutumin kirki daga zargi a garinsu.

Akwai kuma wani ilimi da babu na'urar da ke riƙe da shi sai an gaya mata, shi ne ilimin ma'auni. A kasuwannin Nijar ba da tamma, wato sefa ɗaya, ake ƙirga kuɗi da Hausa ba, da dala ake yi, kuma dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma dala 200 ce, wato sefa 1,000. Idan mai awo ya ce tiya ɗari da hamsin ce, sefa 750 yake nufi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar yana yin wannan ninki da biyar a zuciyarsa ba tare da ya lura ba. Sakataren da ya rubuta wa mataimaki da Hausa cewa an sayar da tiya arba'in a kan ɗari da hamsin zai iya samun amsar sefa 6,000, lissafin da ba shi da aibi ta fuskar sau, amma kuɗin da ke cikin akwati sefa 30,000 ne, wato jaka talatin. Rubuce-rubucen Hausa da ke intanet, waɗanda daga cikinsu ake horar da samfuran, mafi yawansu daga Nijeriya suke, inda naira ake ƙirgawa kai tsaye kuma jaka ke nufin naira 200, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mataimakin ya karkata ga fahimtar da ba ta Kurfai ba. Maganin wannan a jadawali mai sauƙi ne, wato a ware layi ɗaya na farashi da dala, wani na sefa mai fomular =C2*5, a rubuta sunan ma'aunin a kan kowane layi, ta yadda wanda zai gaji aikin ba zai yi canki-canka ba.

Haka batun yake a awon hatsi, har ma ya fi rikitarwa. Tiyar gero ana ƙiyasta ta da kilo biyu da rabi, abin da ke sa a ce buhu mai kilo 100 tiya arba'in ne, amma tiyar da aka cika ta yi tozo da wadda aka shafe bakinta ba ɗaya ba ne, nauyin wake ba na gero ba ne, kuma buhun da ake kira na kilo ɗari a kasuwa ba kullum yake cika ɗarin ba idan aka ɗora shi a sikeli. Dami kuwa, wanda da shi manomi ke ƙidayar abin da gonarsa ta ba shi, da shi kuma yake fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, ba shi da nauyi tsayayye, domin ya danganta da hannun mai ɗauri da cikar zangarniya a shekarar. Duk lambar da za a ninka dami da ita domin a mayar da shi tiya yarjejeniya ce ta mutanen wuri, kuma wurin zamanta gurbi ɗaya ne bayyananne a saman jadawali, inda kwamiti zai gan ta ya amince ko ya gyara. Mataimakin da aka tambaya kai tsaye zai zaɓi wata lamba daga abin da ya karanta game da wata ƙasa, ya ninka da ita, wani lokaci ba tare da ya ambata cewa zaɓi ya yi ba.

Ko hanyar farko, ta roƙon fomula, tana da nata tarko a ƙasar da kwamfutocin ofis ke magana da Faransanci. Excel na fassara sunayen umarninsa zuwa harshen da aka saita shi, ta yadda SUMPRODUCT na Ingilishi ya zama SOMMEPROD, SUM ya zama SOMME, PRODUCT ya zama PRODUIT, kuma inda na Ingilishi ke raba sassan fomula da waƙafi, na Faransanci da waƙafi mai ɗigo yake rabawa. Mataimaki kan ba da sigar Ingilishi idan ba a faɗa masa ba, kuma wanda ya liƙa ta a Excel na Faransanci zai ga an ƙi karɓa ko ya ga #NOM? a gurbin, alamar cewa manhajar ba ta gane sunan ba. Wannan kuskure ne mai sauƙi, domin yana ihu. Mai shiru shi ne na waƙafi a cikin lamba: a rubutun Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, a na Ingilishi kuwa dubbai yake rabawa, don haka 1,500 ɗaya da rabi ne a lakol ɗin Filinge, dubu da ɗari biyar ne a makarantar Katsina. Darajar sefa a kan kuɗin yuro tsayayya ce, ana rubuta ta 655,957 a takardun Faransanci, wato sefa 655 da 'yan kai, kuma tallafin yuro 2,000 ya kama sefa 1,311,914. Idan aka karanta wancan waƙafi da idon Ingilishi, amsar za ta ninka sau dubu ta haura biliyan ɗaya. Saboda haka tambaya mai kyau ga mataimaki ita ce wadda ta faɗi harshen manhajar, da gurbin da kowane abu yake, da layin da bayanan suka fara da inda suka ƙare, da ma'aunin kowane layi.

Idan an kiyaye wannan, amfanin mataimakin na gaske ne, kuma bai dace a raina shi ba. Malamin makaranta a ƙauyen da babu wanda ya san Excel a kusa zai iya tambayar dalilin da ya sa jadawalinsa ke nuna #VALEUR!, a bayyana masa cewa ya rubuta 28 500 F tare da harafin, shi ya sa manhajar ta ɗauki gurbin a matsayin rubutu ba lamba ba. Za a iya faɗakar da shi abin da ko masu ƙwarewa ke mantawa, cewa SOMMEPROD ba ya ƙorafi a kan irin wannan gurbi, sifiri yake ɗaukarsa ya wuce, jimilla ta ragu ba tare da wata alama ba. Zai iya liƙa fomular da wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya bari kafin a ɗauke shi, ya nemi a warware masa ita gaɓa-gaɓa, ya maimaita tambayar sau nawa yake so ba tare da jin kunya ba, wanda ga babban mutum da ake girmamawa a gari ba ƙaramin sauƙi ba ne. Bayanin da mataimakan ke bayarwa da Hausa har yanzu bai kai na Faransanci ko Ingilishi inganci ba, musamman a kalmomin fasaha, amma fomular kanta ba ta da harshen uwa, kuma ana iya gwada ta nan take da lambobin da aka riga aka san amsarsu.

Kada a ɗauka cewa fomula ba ta kuskure, domin tarihin jadawali cike yake da ɓarna. A watan Satumban 2007 an gano cewa sabon Excel na wannan shekara yana nuna 100,000 idan aka ninka 850 da 77.1, alhali amsar 65,535 ce, matsalar da ta shafi yadda ake nuna wasu 'yan lambobi kuma kamfanin ya gyara cikin makonni. Wanda ya fi shahara shi ne na masana tattalin arziki biyu na jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, waɗanda maƙalarsu ta 2010 a kan alaƙar bashin ƙasa da bunƙasar arziki ta zama hujjar masu tsuke bakin aljihun gwamnati a Turai da Amurka, sai a 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts ta Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya ga cewa fomular matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje. Irin wannan kuskure, na fomular da ba ta kai layin ƙarshe ba, shi ne daidai wanda ke faruwa idan aka ƙara sunayen magidanta biyar a ƙasan jerin rabon hatsi aka manta faɗaɗa B2:B41. Abin lura a labarin Herndon shi ne yadda aka kama kuskuren, wato fomular tana nan a gurbinta, ya danna ya ga iyakarta. Da a ce lambobi ne kawai aka liƙa, da babu sawun da zai bi.

Don haka gwajin amsa ya rage aikin ɗan Adam, ko daga ina amsar ta fito, kuma Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Malaman zaure sun daɗe suna koyar da hisabi saboda rabon gado da zakka, kuma ƙasar Hausa ta fitar da masanin lissafi irin Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan hatimai masu gidajen lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Gwaji mafi sauri shi ne ƙiyasi, wato 37 sau 28,500 dole ya yi kusa da 40 sau 28,500 ta ƙasa, wanda shi ne 1,140,000, don haka amsar da ta zo da dubu ɗari ko miliyan goma ta fallasa kanta. Na biyu shi ne gwajin tara, wanda masana lissafin Larabci suka sani da mizani, waɗanda suka yi lakol kuma suka koye shi a firamare: a tara alƙaluman kowace lamba har su koma ɗaya, 37 ya ba da 10 sannan 1, 28,500 ya ba da 15 sannan 6, a ninka su a samu 6, sannan a duba ko alƙaluman amsar, 1,054,500, su ma sun koma 6, kuma sun koma. Wannan gwaji na kama yawancin kuskuren tsakiyar lamba, irin wanda samfurin harshe ke yi, amma ba ya ganin sifirin da ya ɓace ko alƙaluma biyu da suka yi musanyar wuri, shi ya sa ake haɗa shi da ƙiyasi.

Yanayin yankin kansa na ƙara nauyi ga wannan hukunci. Mataimakin yana zaune ne a manyan kwamfutoci a wasu ƙasashe, ba ya amsawa sai da intanet da kuɗin data da waya mai caji, a wuraren da layin Airtel ko Moov ko Zamani ke zuwa yana ɗaukewa, kuma wutar rana ce madogarar yawancin masu cajin waya. Fomular da aka rubuta sau ɗaya ranar da layi ya yi kyau za ta ci gaba da aiki shekara da shekaru babu intanet, alhali wanda ya saba karɓar amsa kai tsaye aikinsa na tsayawa duk ranar da sadarwa ta yanke. Akwai kuma batun sirri, wanda a nan ya wuce ƙa'idar ofis. Gundumar Abala na cikin waɗanda aka sa wa dokar ta-ɓaci tun watan Maris na 2017 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma a irin wannan wuri jerin da ke ɗauke da sunayen magidanta da ƙauyukansu da yawan dabbobinsu ko kuɗin da suka karɓa takarda ce da za ta iya jawo wa mutum bala'i idan ta faɗa hannun da bai dace ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma kariya ta farko tana hannun sakataren da ke riƙe da jerin. Wanda ke neman fomula ba ya buƙatar tura ko suna ɗaya, ya isa ya siffanta layukan ya ba da misali da lambobin ƙarya, shi kuwa mai neman amsa kai tsaye dole ya miƙa jadawalin gaba ɗaya.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma umarnin jadawali har yanzu da waɗannan biyun ake rubuta su, kuma babu sigar Excel da ke karɓar sunan umarni da Hausa. Abin da ke hannun ma'aji shi ne sauran shafin, domin babu abin da ya hana a rubuta kan layuka da Hausa, a sa adadin tiya, farashi da dala, farashi da sefa, jimilla, a kuma ware wani gefe a rubuta da cikakkun jimloli abin da kowace fomula ke yi da ranar da kwamiti ya amince da kowane ma'auni. A wannan aiki na rubuta bayani mataimakin na iya taimakawa ƙwarai, in dai wanda ya san harshen kasuwar ya karanta ya gyara. Kwamitocin ƙauye na sauya ma'aji, ma'aikatan ƙungiyoyi na tafiya idan kwangilarsu ta ƙare, kwamfutoci na lalacewa da ƙura da zafi, saboda haka inda aka fi tsare lissafi ana buga jadawalin a takarda a ƙarshen kowane wata idan an samu zuwa Filinge ko Abala, a gwada jimillarsa da ta littafin hannu da kuma buhunan da ke cikin sito, sannan shugaba da ma'aji da mai riƙe mabuɗi su sa hannu ko su dangwala yatsa.